Kada na'urar da ke gadin injinanmu ta zama infoma

Duk wanda ya tashi a Gusau a zamanin da Masaƙar Zamfara ke aiki ya san garin nan ba baƙo ba ne ga ƙarar inji. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka mayar da garin matattarar fatake da kamfanoni. Aka kafa injinan gurzar auduga da na matsar mai, daga baya masaƙa ta zo ta ɗauki dubban ma'aikata. A wancan zamani tsohon makaniki kan kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a ƙotarta, ya ce maka boris ya kusa cinyewa. Kunnensa da tafin hannunsa su ne ma'auninsa. Abin da ya ji kuwa yana nan cikin kansa, ba mai sace shi daga nesa.

Masaƙar ta daɗe da yin shiru, amma ƙarar inji ba ta ɗauke a Zamfara ba. Daga Gusau zuwa Bungudu, daga Kwatarkwashi zuwa Tsafe, akwai injinan casar shinkafa, da na matsar man gyaɗa da waken suya, da gidajen ruwan leda, da ɗakunan sanyi, da injinan niƙa da na buga bulo. Sababbin injinan da ake sayowa daga China da Indiya da Turkiyya sukan zo da ƙananan na'urorin awo a jikinsu, waɗanda masu gyara ke kira sensa. Wata tana auna zafi, wata danshi, wata girgizar inji, wata yawan man da ke cikin tanki. Da yawa daga cikinsu suna aika abin da suka auna ta intanet zuwa wayar mai gida, ko zuwa rumbun kamfanin da ya ƙera su a wata ƙasa. Inbatar sola da ke bayan ofis, da na'urar bibiyar mota da ke ƙarƙashin kujerar direban tirela, da kyamarar da ke kallon ƙofar sito, duk dangi ɗaya ne.

Galibin masu masana'antunmu ba su zauna suka yanke shawarar haɗa injinansu da intanet ba. Abin ya shigo ne cikin kwali tare da kayan da suka saya, mai haɗawa ya ɗora musu manhaja a waya, suka ga abin sha'awa. Amfanin kuwa gaskiya ne. Sai dai ƙofar da bayani ke fita ta cikinta, ta nan ɓarawo ma ke shigowa, kuma a jihar da ake sace mutane saboda labarin da wani ya kai, tsaron wannan ƙofa ya wuce maganar dukiya kaɗai.

Abin da awo ke jawowa

Mu fara da riba, don kada a ɗauka kira nake yi a guje wa zamani. Mai casar shinkafa ya san danshi ne sirrin sana'arsa. Shanshera da ake son casa ko ajiya ana so danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 14 cikin 100. In ta fi haka laima sai ta yi fumfuna a sito. In ta bushe fiye da kima sai ƙwayar ta karairaye a inji, farashinta ya faɗi. Masara da gyaɗa kuwa, in aka adana su da danshi, fumfunar da ke kama su kan haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma ita ce ke sa a ƙi karɓar amfanin gonarmu a kasuwannin waje. Ɗan kasuwar hatsi a Tsafe ya saba gwada ƙwaya da haƙori. Na'urar da aka soka cikin tarin buhuna tana yin wannan gwaji dare da rana, ta kuma sanar kafin ɓarna ta yi nisa.

Haka man gas. Kowane mai masana'anta a shiyyar da kamfanin wutar lantarki na Kaduna ke bai wa wuta ya san rabin rayuwarsa a kan janareta da sola take. Na'urar da ke auna man da ya shiga tanki da wanda inji ya sha tana kashe gardamar da ta raba iyayen gida da yaransu da dama. Wadda ke auna zafin boris da girgizar mota tana ba da damar a tsayar da inji a gyara shi ranar da aka ga dama, maimakon ya ƙone a tsakiyar kaka, lokacin da motoci ke layi a bakin ƙofa. Sikelin mota mai ajiye lissafi da kansa yana kare manomi daga tauye mudu, yana kuma kare mai kamfani daga haɗin baki. Wanda ke da lissafin abin da injinsa ya sarrafa wata-wata na tsawon shekara biyu, yana da abin ajiyewa gaban banki in ya je neman jari.

Mu a Zamfara mun biya farashin rashin awo da tsada. A 2010 gubar dalma da ta fito daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙurar ba ta da wari, ido kuma ba ya bambanta ta da sauran ƙasa. Sai da aka zo da na'urorin hannu masu auna dalma a cikin ƙasa, likitocin ƙungiyar MSF kuma suka auna jinin yara, sannan aka san gidajen da za a kankare da yaran da za a fara yi wa magani. A ƙarshen Satumbar 2006 kuma madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A irin wannan dare, na'urar da ke auna hawan ruwa a can saman kogi tana iya ba mutane sa'o'in da za su kwashe 'ya'yansu. Saboda haka ba mai hankalin da zai ce a bar awo.

Inda bango ya tsage

Matsalar ita ce an ƙera yawancin kayan sarrafa injina ne a zamanin da ba a tunanin baƙo zai iya yi musu magana. Harshen da ɗimbin injinan masana'antu ke amfani da shi wajen karɓar umarni, mai suna Modbus, an fito da shi tun 1979, kuma a asalinsa ba ya tambayar wanda ya ba da umarni ko wane ne. Duk wanda ya kai gare shi, maganarsa ta zauna. Muddin inji yana cikin ɗaki a kulle, wannan ba laifi ba ne. Ranar da aka sa masa layin waya, an mayar da ƙofar ɗakin bakin titi. Akwai ma shafin bincike mai suna Shodan wanda aikinsa ke nan: zagaya intanet yana tattara jerin kyamarori da injina da ke a buɗe. Mai kutse ba ya buƙatar sanin inda Bungudu take a taswira. Manhajarsa ce ke bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya tana murɗa mariƙi, wadda ta buɗe ta shiga.

Wani zai ce wannan matsalar manyan ƙasashe ce, wa zai damu da injin shinkafa a Gusau? A Nuwamban 2023 masu kutse suka shiga na'urar da ke sarrafa famfon tura ruwa a wani ƙaramin gari mai suna Aliquippa a Amurka. Hukumar tsaron intanet ta ƙasar ta fito ta gargaɗi masu amfani da irin wannan na'ura, ƙirar kamfanin Unitronics, da su sauya lambar sirrin da take zuwa da ita daga masana'anta, wato 1111. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubun dubatar kyamarori da akwatunan intanet a faɗin duniya, ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni suka saba sa wa kayansu. Da irin wannan runduna aka far wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, nan Yammacin Afirka, har wata kotu a Ingila ta ɗaure wanda ya aikata a 2019. Masu kyamarorin ba su taɓa sanin an yi yaƙi da kayansu ba.

Ɓarnar kan zo ta fuska uku. Ta farko ita ce a sa na'ura ta yi ƙarya. Manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta lalata injinan tace sinadarin yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, alhali allon da ma'aikata ke kallo yana nuna musu komai lafiya. Wannan aikin manyan ƙasashe ne, amma darasinsa ya shafi kowa: wanda ya daina duba injinsa da ido, ya dogara ga lambar da ke kan waya, to ya miƙa wuyansa ga duk wanda ke iya sauya lambar. A wurinmu abin ba zai wuce sikelin da aka karkatar da kilo kaɗan a kowace mota ba, ko tankin da ke nuna cike alhali ana zuƙe shi da dare, ko tukunyar tururin gidan turara shinkafa da ma'auninta ke nuna daidai har ta yi bindiga.

Ta biyu ita ce garkuwa da bayanai, sana'ar da sunanta ma ya ishe mu tsoro. Masu kutse kan kulle kwamfutocin kamfani su nemi kuɗin fansa. A Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai babban bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka, ya tsaya cik na kwanaki, ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4. An shiga ne da kalmar sirri guda ta wani tsohon asusu da aka manta ba a rufe ba. Bayan wata biyu irin wannan hari ya gurgunta tashoshin jiragen ruwa na kamfanin Transnet a Afirka ta Kudu.

Ta uku ita ce tamu ta musamman, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Duk ɗan Zamfara ya san kalmar infoma da abin da ta jawo mana. A tsaya a duba abin da na'urorin ƙaramar masana'anta suka sani. Na'urar bibiya ta san ƙarfe nawa tirela ta bar Gusau, da ko ta bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ko ta nufi Bungudu, da inda direba ya saba tsayawa. Sikeli ya san tan nawa aka loda yau, wanda ke nufin ya san kimanin kuɗin da suka shigo. Kyamara ta san masu gadi nawa ne, da lokacin da mai gida ke zuwa, da motar da yake shiga. Ma'aunin wuta ya san daren da ba kowa a wurin. Infoma na mutum sai ya yi kwanaki yana leƙe kafin ya haɗa rabin wannan. Ga shi duka an tara a manhaja guda, da kalmar sirri guda, wadda mai gida da manaja da akawu da yaron da ya haɗa kayan duk suka sani.

A nan ba a buƙatar gwanin kwamfuta daga ƙetare. Da ɗan gari akan ci gari. A shekarar 2000, a yankin Maroochy na ƙasar Ostireliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya haɗa na'urorin magudanar ƙazanta ya fusata don an hana shi aiki, ya yi amfani da sanin da yake da shi ya riƙa sakin dubban ɗaruruwan lita na ƙazanta cikin koguna da wuraren shaƙatawa. A 2013 an sace bayanan katin banki kimanin miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma ta asusun wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya wuri aka shiga. Sai mai masana'anta ya tambayi kansa: yaron da na sallama bara, an cire manhajar daga wayarsa? Wayar manaja da aka ƙwace a hanya, me ke buɗe a cikinta?

Darasin Satumbar 2021

Akwai wani abin da muka gani da idonmu wanda masu sayar da kayan nan a Legas ko Guangzhou ba su lissafa da shi. A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da zama cikin duhu har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa tafiya Funtuwa don kiran waya kawai. Duk injin da ba ya tashi sai ya gaisa da rumbun kamfaninsa a ƙasar waje, duk sikelin da ba ya ajiye lissafi a cikinsa, a irin wannan lokaci ya zama gunki.

Waɗanda suka tsira daga manyan hare-hare a duniya ma da hannu suka tsira. Da aka katse wa mutane sama da 200,000 wuta a yammacin Yukren a Disambar 2015, ma'aikata ne suka shiga motoci suka je tashoshi suka mayar da wutar da hannu cikin sa'o'i. Da aka kulle kwamfutocin kamfanin alminiyom na Norsk Hydro a ƙasar Norway a Maris na 2019, ya ƙi biyan fansa, ya koma ga takarda da biro da ƙwarewar tsofaffin ma'aikata. Kunnen tsohon makanikin nan na masaƙa bai tashi aiki ba.

Abin da mai masana'anta zai yi

Gyaran bai kai tsadar da ake zato ba, yawancinsa tsari ne. Da farko a ɗauki littafi a rubuta duk abin da ke da layin waya ko ke hawa intanet a harabar: inbata, kyamara, sikeli, na'urar bibiya, kwamfutar da ke jikin inji. A gaban kowanne a rubuta wanda ya haɗa shi, da waɗanda ke iya shiga, da inda bayaninsa ke zuwa. Wanda bai san yawan ƙofofin gidansa ba, ba zai iya kulle su ba.

Sai a sauya duk kalmar sirrin da kaya suka zo da ita, a kuma ba kowane ma'aikaci tasa, yadda in ya bar aiki za a rufe tasa a ranar. Inda manhaja ta ba da damar ƙara mataki na biyu, wato lambar da ake turowa waya kafin a shiga, a kunna shi. Mai gida ne ya kamata ya riƙe babban asusu da sunansa da lambarsa. Kuskure ne babba a bar shi a hannun wanda ya zo haɗa kaya.

A raba hanyar injina da ta ofis. Intanet ɗin da ma'aikata da baƙi ke hawa suna kallon bidiyo bai kamata ya zama shi ne injin ke kai ba, kuma kwamfutar da ke sarrafa inji ba wurin cajin waya ko soka filashi ba ce. Ta filashi ake kyautata zaton Stuxnet ta shiga wurin da ba shi da intanet. Ƙa'idar da manyan masana'antu ke bi, wadda ke cikin ma'aunin duniya mai lamba IEC 62443, ita ce a kasa wuri shiyya-shiyya, a kuma tsare mashigar da ke tsakaninsu. A taƙaice, awo ya fita, umarni kada ya shigo. Mai gida ya ga zafin inji daga Abuja, amma kunnawa da kashewa su tsaya a hannun wanda ke tsaye gaban injin. In injiniyan kamfanin da ya sayar da kayan yana son shiga daga nesa don gyara, a buɗe masa a lokacin da aka yi alkawari, a rufe da ya gama.

A kasa bayanai gwargwadon haɗarinsu. Danshin shinkafa kowa na iya gani. Inda mota take a wannan minti, da hoton ƙofa, da lissafin kuɗin yini, mutum ɗaya ko biyu sun isa. Abokin ciniki da ke jiran kaya a Kano ya ishe shi a ce masa motar ta taso, ba sai an tura masa taswirar da ke nuna ta tana tafiya ba.

A bar ma'aunin allura da bawul ɗin sakin tururi da maɓallin kashe inji na gaggawa a yadda suke, ba tare da sun dogara da wata manhaja ba. A riƙa gwada sikeli da nauyin da aka sani, a riƙa soka sanda a tanki ana kwatantawa da abin da waya ta ce. A ajiye kwafin lissafi a wurin da ba ya haɗe da intanet. Sau ɗaya a wata uku a cire layin da gangan, a ga ko aiki zai tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a biya kuɗin sabon inji kuma, a yi wa dillali tambayoyi a rubuce. Yana aiki in babu sabis? Bayanan suna zuwa wace ƙasa, kuma mallakar wa ne? Shekara nawa kamfanin zai ci gaba da gyara manhajar? Zai iya kashe injin daga can in an samu saɓani kan biya? Dillalin da ya kasa amsa waɗannan ya riga ya ba da amsa.

Rabon hukuma da makarantu

Doka ta riga ta yi gaba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta kai rahoton kutse cikin sa'o'i 72 ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, kuma hoton fuskar lebura da zanen yatsansa da zirga-zirgar direba duk suna ciki. Sai dai doka a Abuja take, injin kuma yana Tsafe. Wanda zai cike wannan tazara shi ne ƙwararren da ke kusa.

Muna da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara. Ɗaliban lantarki da na kwamfuta da ke neman wurin koyon aiki za su iya zagaya ƙananan masana'antu, ƙarƙashin kulawar malamansu, su taya su rubuta jerin na'urorinsu da rufe ƙofofin da ke buɗe. Ƙungiyoyin masu casar shinkafa da na masu ruwan leda za su iya haɗa kuɗi su ɗauki amintaccen masani guda ya riƙa duba musu, su kuma riƙa sanar da juna in wani ya ga abin da bai gane ba, maimakon ɓoyewa don kunya. Gwamnatin jiha, duk lokacin da za ta sayi kayan gidan ruwa ko na haɗa taki ko na sarrafa ma'adinai, ta sa sharuɗɗan nan cikin takardar kwangila tun daga farko, domin gyara bayan an kafa ya fi tsada.

Muna fatan ganin ranar da manyan injina za su sake tashi a Gusau, audugar Tsafe da Bungudu ta samu masaƙa a gida. In ranar ta zo, injinan da za a kawo cike za su zo da waɗannan na'urori, ko mun so ko mun ƙi. Wanda ya koyi riƙe makullin inbatarsa da sikelinsa yau, shi za a iya damƙa wa babbar masana'anta gobe. Mai karatu, in kana da inji ko sito ko mota mai irin wannan na'ura, ka buɗe manhajar a daren nan ka ƙirga mutanen da ke iya ganin abin da kake gani. In ka samu sunan da ba ka gane ba, ko wanda ya daɗe da barin wurinka, daga nan aikin zai fara.